'Yar Tsanar da Nazir Ya Yi Oda

Lille, Faransa
9 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Inna Wasila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya ƙarfin jiki, ya mutanen Birni? Ni lafiyata lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Na san za ku yi mamakin wannan saƙo. Ni ne Nazir, ɗan marigayiya Habiba ta garin Dogo. Kakata Jummai, wadda ta haifi mamata, ita da mahaifinku ubansu ɗaya. Sau biyu muka taɓa haɗuwa: lokacin da aka kawo ni Damagaram shiga lise, babbar sakandare, kuka ba ni ƙamus, sai kuma ranar rasuwar mama. Ƙanwata Farida ce ta ba ni lambarku. Ta ce kada in kira, tun da kuka yi ciwon sanƙarau kunnenku ba ya ɗaukar magana a waya, in rubuto kawai.

Wata alfarma nake nema. Farida ta ce har yanzu kuna riƙe da akwatin gidan waya na maigidanku, marigayi Baba Mamman. Akwai wani abu da na yi oda daga wani kanti a Japan, amma ba a ƙera shi ba tukuna. Haka suke yi a can. Su nuna hoto, masu so su rubuta suna su biya, sannan a ƙera daidai yawan waɗanda suka nema. Wanda bai sa suna ba har aka rufe, ya rasa ke nan. Nawa sai watan Mayu zai fito. Kantin yana son adireshin da ba zai canja ba, ni kuwa lokacin da abin zai iso ba na ƙasar nan. Shi ya sa na tuna da ku.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu. Mutum-mutumi ne na roba, tsawonsa bai kai kwalbar lemo ba. Siffar wata yarinya ce daga cikin fina-finan zane na Japan, waɗanda ake kira anime. Ba zan iya aika shi Dogo ba, kun san halin babana. Ina ɗan shekara sha huɗu ya tarar da littafin zane-zanena, ya jefa shi a murhu, ya ce ba a tara gumaka a gidansa. Idan ku ma kuna ganin bai dace ba, ku faɗa mini, wallahi ba zan ji haushi ba.

Ku huta lafiya.
Ɗanku,
Nazir Sallau

*

Birni, Damagaram
14 ga Nuwamba, 2024

Nazir ɗan Habiba,

Wa alaikumus salam. Na samu saƙonka, na ji daɗi ƙwarai. Jiki da sauƙi, sai gwiwa da kunne, su kuma mun saba da juna.

Abu na farko, ka daina ce mini "ku". Ni kaɗai ce a gidan nan. Ina karanta saƙonka ina waige ko akwai wani a bayana.

Ka yi haƙuri da wannan hoton takarda. Ba na iya danna ƙananan baƙaƙen waya, yatsuna alli suka sani, shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a lakwal, makarantar boko. A takarda nake rubutawa in ɗauki hoto. In wani wuri bai fito ba ka gaya mini.

Kana ganin na manta ka? Kai ne siririn yaron nan da ya ƙi cin tuwo a gidana don kunya, ya ce ya ƙoshi, cikinsa yana kuka har Mamman ya ji. Ni da mamarka tare muka yi tashe a Mirriya, gidan kakanmu. Ta fi ni iya waƙa, na fi ta iya faɗa.

Akwatin yana nan, lamba 214. Shekara shida da rasuwar Mamman ban mayar da makullin ba. Kowace Laraba nakan hau kabu-kabu in je in buɗe. Abu na ƙarshe da na tarar a ciki kalandar wani shagon magani ce, ita ma ba sunana ba ne a kai. Ka ba su lambar, ka sa sunana yadda yake a katina, Wasila Yakuba, don kada su ba ni wahala wajen karɓa.

Batun mutum-mutumi, ni ba malamar addini ba ce. 'Yar tsana dai na sani, mun yi ta kara da tsumma muna yara, ban ga wadda ta bauta wa tata ba. Zan ajiye maka ita a ɗakin baƙi, inda ba na salla. Sai dai ban gane ba, namiji kamarka mai karatun injiniya, me za ka yi da ita? Kuma wane irin ciniki ne wannan, a biya kaya tun ba a ƙera ba? Ka tabbata ba 'yan damfara ba ne?

Amma layin da ya fi faranta mini rai shi ne inda ka ce lokacin da za ta iso ba ka ƙasar. Sau uku na karanta shi. Ashe karatu ya zo ƙarshe! Alhamdu lillahi. Shekara biyar ba wasa ba ce. Allah ya kawo ka lafiya.

Innarka,
Wasila

*

Lille
2 ga Disamba, 2024

Inna,

Ina gaishe ki, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na ba su adireshin, sun karɓa. Ba 'yan damfara ba ne, tsohon kanti ne, mutane daga ko'ina suna saya a wurinsu.

Kin tambaye ni me zan yi da ita. Ba wanda ya taɓa tambayata, sai dai a yi mini dariya, don haka ban san ta inda zan fara ba.

Ina lise na fara ganin fim ɗin, a wayar wani abokina, mu huɗu muna leƙe ta kafaɗar juna. Labarin wata yarinya ne da ke gyaran jiragen sama a wani ƙaramin gari. Ba ta tuƙi, ba ta yaƙi, gyara kawai take yi, kullum fuskarta da baƙin mai. Ita ta sa na ce injiniya zan karanta. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, don ba a cewa zane ne ya zaɓa wa mutum sana'a.

Da na zo nan, shekarar farko, nakan yi kwana uku ban yi magana da kowa ba in ban da mai sayar da burodi. Ɗakina ƙarami ne, tagarsa bango take kallo. Idan na dafa taliya sai in jingina waya da kofi in kunna fim ɗin, ɗakin ya cika da magana, in ci abinci kamar da mutane. Na kalle shi daga farko zuwa ƙarshe ya fi sau shida. Da na ga sun fitar da hoton 'yar tsanar, sun ce sati uku kawai za a yi ana karɓar suna, sai na kasa haƙuri. Na san bai kamata ba. Amma tun da na sa sunana nake jin akwai wani abu a gaba mai rana da wata, wanda zai zo ko me ya faru.

Batun barin ƙasar nan kuwa tabbas ne. Sai dai don Allah ki bar shi tsakaninmu tukuna, akwai abubuwan da ban gama shiryawa ba.

Ki ba ni labarin mama tana yarinya. Ban san ta iya waƙa ba.

Nazir

*

Birni, Damagaram
11 ga Fabrairu, 2025

Nazir,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonninka biyu na watan jiya, na ji daɗin hoton ƙanƙarar nan da ta rufe motoci. Ka riƙa sa safa biyu. Waƙar mamarka da na rubuto maka, na tuna wani baiti da na tsallake, zan aiko.

Yau da laifi na zo, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Na faɗa wa babanka.

Ka ji yadda aka yi. Modu, aminin babanka, ya rasu ranar Alhamis, na bi motar Mirriya na wuce Dogo gaisuwa. Nazir, na daɗe ban ga Malam Sallau ba. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ta fara. Sai da na yi magana ya gane ni. Yana zaune a zaure mutane suna shiga suna fita, shi kuwa kamar ba ya wurin. Da aka ragu sai ya matso kusa da kunnena mai ɗan ji, ya ɗaga murya ya ce, "Wasila, Farida ta ce yaron nan yana rubuto miki." Na ce e. Ya ce, "Lafiyarsa?" Na ce lafiya lau. Ya ce, "Modu ya tafi. Da shi nake hira."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ai Nazir ya kusa dawowa, kafin damina yana gida."

Ko alhamdu lillahi ban ga bakinsa ya yi ba. Amma bayan la'asar, ina ɗaura mayafi zan tafi, na hango shi a filin nan na gefen rumbu yana taku yana ƙirgawa, ya je ya dawo, ya karce ƙasa da sanda. Jiya Farida ta rubuto mini daga Dakusa, inda take aure, cewa ya fara buga tubali zai gina maka ɗaki. Da hannunsa, yana lalube. Mijinta ya ce zai kawo masu yi, ya ƙi.

Na san ka ce in bari tsakaninmu. Na karya, kuma ban ji daɗin kaina ba. Amma da ka ga bayansa lokacin da yake wannan takun, ina jin da ka yafe mini. Ban yi masa maganar 'yar tsana ba, wannan kam yana cikina.

Ka gaya mini ranar da za ka taso, ko da watan ne, in san abin da zan ce masa.

Wasila

*

Birni, Damagaram
8 ga Afrilu, 2025

Nazir,

Barka da salla, ko da ta wuce. Ina fatan ka yi azumi lafiya.

Wata biyu ke nan. Waya tana nuna mini ka buɗe takardata tun ranar da na aika. Idan fushi kake yi, ka yi shi da baki, na iya ɗauka. Na shekara talatin iyayen yara suna yi mini faɗa.

Zafi ya sauka sosai. Da rana nakan jiƙa zane in rufa, in zauna a tsakar gida ƙarƙashin dalbejiya. Ranar salla maƙwabta sun aiko da abinci kwano uku, na ci ɗaya na ba da biyu. Yaran da na koyar wasu sukan leƙo, amma hira da ni wahala ce, sai sun yi ta ihu, sai ka ga sun gaji sun ce za su dawo. Ban ga laifinsu ba. Shi ya sa na saba da takardunka fiye da yadda ya kamata. A rubuce ba na cewa "me ka ce?"

Ɗakin da babanka yake gina maka ya kai inda za a sa taga. Farida ta ce duk wanda ya wuce sai ya kira shi ya nuna masa.

Na share ɗakin baƙi, na kwashe littattafan Mamman daga kan kanta don baƙuwarka ta samu wuri. Saura wata ɗaya, ko ba haka ba?

Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Wasila

*

Lille
19 ga Mayu, 2025

Inna,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da shiruna, abubuwa ne suka yi yawa. Ba fushi nake yi ba.

Kantin ya aiko da sanarwa. An ɗaga fitowar 'yar tsanar zuwa ƙarshen Agusta, wai fentin fuskar bai fito yadda suke so ba, za a sake. Haka yakan faru, wani lokaci har sau biyu ake ɗagawa. Bayan ta fito kuma sai ta yi sati biyar ko shida a hanya. Don haka kada ki wahalar da kanki da zuwa gidan waya a wannan zafi.

Ki gaida Farida idan kun yi magana.

Nazir

*

Birni, Damagaram
12 ga Yuni, 2025

Nazir,

Na amsa gaisuwarka. Na bar takardarka ta kwana ashirin kafin in ɗauki biro, don kada in rubuta abin da zan yi nadama.

Na ba ka labarin ubanka, ka ba ni labarin fenti.

Da farko na ce wa kaina wataƙila kai ma tafiyarka aka ɗaga zuwa Agusta, kunya ta hana ka faɗa. Har na kusa aika wa Dogo da haka. Sai na tuna abin da ya faru da na yi saurin baki, na koma na ɗauko takardunka duka na karanta su a jere, yadda nake duba jarrabawa. Ka ce ba ka ƙasar. Ka ce barin ƙasar tabbas ne. Babu inda ka rubuta "gida". Ni na sa kalmar, kai kuma ka gan ni ina sawa ka yi shiru.

An yi layya. Babanka ya sa an soya cinya guda an zuba a tukunya da mai an rufe, ya ce ta Nazir ce, kada kowa ya taɓa. An yi wa ɗakin rufi. An yi ruwan shuka ranar Litinin.

Ina za ka? Tambayata ke nan.

Wasila

*

Kusa da Almeriya, Spain
24 ga Agusta, 2025

Inna Wasila,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya damina? Ni da sauƙi. Wannan sabuwar lamba ce, tsohuwar ta daina aiki.

Kin karanta daidai. Ban rubuta "gida" ba, kuma na ga kin sa, na yi shiru. Da kika ce alhamdu lillahi karatu ya ƙare, na ji daɗin yadda kike kallona, na kasa ɓata shi. Na ce bari in bar shi sati ɗaya. Sati ya zama wata.

Inna, ban gama karatu ba. Na faɗi jarrabawar shekara ta uku sau biyu. Ba wasa na yi ba, ina aikin wanke-wanke a gidan abinci ina zuwa aji, kaina ya daina riƙe komai. Akwai watannin da ko tashi daga gado sai na yi da gaske. Aka yanke tallafin karatu, takardar zamana kuma ta ƙare a Yuni, ba za su sabunta ba. Tun lokacin da na rubuto miki takardar farko na san haka za a yi. Wannan shi ne "ba na ƙasar".

Wani ɗan Mali da muka yi aiki tare ya kawo ni nan. Gonaki ne a cikin rumfunan leda, iya ganinka, kamar an shimfiɗa wa ƙasa farin zane. Tumatir da tattasai muke yi. Yanzu lokacin dashe ne, tun asuba muna sunkuye har rana ta take, cikin ledar kuwa zafin Afrilun Damagaram wasa ne. Mu shida ne a ɗaki. Babu mai jin Hausa.

Kin ga abin. Baba ya sayar da shanun nomansa biyu lokacin tafiyata, ya ce wa mutanen Dogo ɗansa ba zai riƙe hauya ba. Ga ni na tsallake teku ina noman wani. Ranar da na karanta cewa yana buga tubali yana lalube, na fita na yi ta tafiya a gari har ƙafata ta yi ruwa. Na ɗauki waya in kira shi ya fi sau goma. Me zan ce? In dawo in zauna a wannan ɗakin da me a hannuna?

Ba laifinki ba ne. Kin faɗi abin da na bari kika yarda da shi.

Jiya kantin ya aiko cewa 'yar tsanar ta fito, sun sa ta a hanya. Na duba saƙon a bakin rumfa, hannuna duk ƙasa, na ji kamar wani ne can daban ya yi odar. Idan ta iso ki ba duk wanda kika ga dama, ko ki jefar. Baba kuwa, ban san abin da zan ce ki gaya masa ba. Na ɗora miki kaya tun farko ba tare da kin nema ba. Ba zan sake damunki ba.

Ki yafe mini.
Nazir

*

Birni, Damagaram
21 ga Oktoba, 2025

Nazir, ɗana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da aiki. Mu nan lafiya, damina ta yi kyau, an fara yankan gero.

Na daɗe ban amsa ba. Sau uku na rubuta ina yagawa. Ta farko faɗa ce zalla, ta biyu kuka, ta uku wa'azi, kuma ba ko ɗaya da kake bukata. Sai na ce bari in jira har in samu abin faɗa. Yanzu na samu, ka zauna ka karanta a hankali.

Baƙuwarka ta iso ranar takwas ga wata. Na buɗe akwati na tarar da 'yar takarda, aka tura ni wajen duwan, wato 'yan kwastan. Ma'aikacin ya yanka kwalin a gabana, ya ciro wani kwalin, cikinsa kuma wani na leda mai haske. Ya ɗaga ta yana dariya, ya kira abokin aikinsa. Na ga bakinsa yana cewa, "Hajiya, ta jika ce?" Na ce ta ɗana ce. Ya ga ban yi dariya ba, ya mayar da ita a hankali ya buga hatimi.

Ban jefar ba, ban kuma ba kowa ba. Na zauna na dube ta da tabarau. Nazir, mutanen nan sun iya aiki. Baƙin man yana nan a kumatunta na hagu. Igiyar takalminta ɗaya a kwance take. Akwai faci a gwiwar wandonta, har zaren ɗinkin ana gani. Ta saɓa sufana a kafaɗa tana kallon sama, ta ɗan tsuke ido kamar mai sauraron ƙarar inji. Na gane abin da ka gani, ko da ban ga fim ɗin ba.

Sati ɗaya bayan haka Farida ta kawo babanka asibiti aka cire masa yanar ido ɗaya. A gidana suka sauka, kwana huɗu. Na ɗauke 'yar tsanar na kai ɗakin girki na rufe da kwando. Tun daga ƙofa, da bandeji a fuska, tambayarsa ita ce, "Yaron ya sa rana?" Na ce sai ya huta tukuna. Kwana biyu ina kewaye-kewaye, ina dafa abin da ba a ce in dafa ba.

Rana ta uku aka cire bandejin. Ya dawo yana kallon komai kamar baƙo, ya ce ashe na tsufa haka. Bayan ya ci abinci na ɗauko waya na ce, "Malam, ni na kawo maka labarin da ba haka yake ba, ni zan gyara." Na karanta masa takardarka ta Agusta daga sama har ƙasa. Ban tsallake komai ba, har shanun, har 'yar tsanar. Ka yi haƙuri, wannan karon ma ban nemi izininka ba. Ba na jin muryata sosai, Farida ta ce da ƙarfi na yi ta karantawa, har maƙwabta suna iya ji. Ita tana kuka. Shi kuwa yana kallon tabarma.

Da na gama ya tashi ya fita ƙofar gida. Ya zauna a kan dakali tun azahar har aka kira la'asar, ya je masallaci ya dawo. Ni dai na ce shi ke nan, na raba uba da ɗa.

Da ya shigo sai ya yi wa Farida magana, ta rubuta mini a takarda: "Ya ce a kawo abin." Na kawo. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai ta kusa da sabon idon, ya juya ta gaba da baya. Ya daɗe. Ya taɓa sufanar da ɗan yatsa. Ya ce, "Wannan ai makanikiya ce." Na ce e, jirage take gyarawa. Ya ce, "Irinta yake zanawa a littafin nan?" Na ce ina jin haka. Ya miƙo mini ita, ya ce, "Ki ajiye masa. Gidana dai ba za ta shiga ba." Ban yi masa musu ba. Ta koma kan kanta a ɗakin baƙi bayan sun tafi, tana nan har ka zo, ko yaushe ne.

Kada ka ce zan gaya maka bai ji ciwo ba. Ya ji. Washegari, ranar tafiyarsu, ko karin kumallon kirki bai yi ba. Ya san zai koma ya tarar da mutanen da ya nuna wa ɗaki. Amma kafin su fita, yana tsaye da sandarsa, ya ce in ɗauko biro. Ya matso kunnena ya yi ta faɗa ina rubutawa. Na ɗauka saƙon faɗa ne ko na yafiya. Ga abin da ya ce, yadda ya faɗa:

"Ki tambaye shi, ƙasar wurin ja ce ko yashi? In ruwan sama ba ya shiga ledar, da me suke ban ruwa, rijiya ko kogi? Taki na dabba suke sawa ko na buhu? Tumatirin kwana nawa yake yi kafin ya nuna? Ki ce masa in zai sunkuya ya riƙa lanƙwasa gwiwa, kada ya bar wa baya aikin, tun yana yaro haka yake yi ina hana shi."

Ya juya zai tafi, ya kai bakin ƙofa, ya dawo.

"Kuma ki tambaye shi, in sun fita tun asuba haka, wa ke kai musu abinci gona?"

Wannan ta ƙarshen sau biyu ya faɗe ta, ya tsaya sai da ya ga na rubuta.

Ka ce ba za ka sake damuna ba. Ban yarda ba. Ka amsa masa ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake ko guda, ka rubuta da Hausar da zai gane. Ni zan hau mota in kai Dogo in karanta masa da kaina.

Allah ya tsare ka, ya ba ka lafiyar baya.

Innarka,
Wasila